Lalurar Da Ake Yi Wa Shiru Bayan Ɗaukewar Haila

Duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe na sakandare, in dai yana ɗaukar darasin ilmin halittu, ya san labarin jikin 'ya mace daga balaga zuwa haihuwa. An zana masa mahaifa a allo, an nuna masa gidajen ƙwai biyu da ke gefenta, an sa ya haddace kwanaki 28 na zagayowar haila da ranar da ƙwai ke fita. Daga nan sai ciki, sai wata tara, sai jariri. A nan darasi kan tsaya, malam ya kakkaɓe alli daga hannunsa, a shiga wani babi. Matar da ke cikin littafi, da zarar ta sauka, an gama da ita ke nan. Amma wadda ke gida, wato mahaifiyar ɗalibin ko gwaggonsa ko kakarsa, tana nan da ranta, jikinta kuwa bai daina sauyawa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata haila kan ɗauke musu ne tsakanin shekara 45 da 55, kuma a 2021 masu shekara 50 zuwa sama su ne kashi 26 cikin 100 na dukkan mata da 'yan matan duniya. Macen da ta kai hamsin tana iya ƙara shekara ashirin ko talatin a duniya. Kusan rabin irin waɗannan mata suna fama da bushewar gaba da abubuwan da ke biyo bayanta. Lalura ce da masana suka san dalilinta sarai, suka kuma san maganinta tun da daɗewa, wato ɗan ƙaramin ƙima na sinadarin istirojin da ake sawa a daidai wurin da matsalar take. Abin da ya hana maganin isa ga masu bukata abu biyu ne: kunyar da ta hana a faɗa, da kuma tsoron da aka ɗora wa maganin bisa laifin da ba nasa ba. Duka biyun rashin sani ne ke ciyar da su, makaranta kuwa ba ta da hujjar zuba ido.

Sai an fara da gidan ƙwai kafin a gane zancen. Ana haihuwar jaririya da ƙwai tsakanin miliyan ɗaya da miliyan biyu, ba kuma za ta ƙera wani sabo ba har ƙarshen rayuwarta. Kafin ta balaga sun ragu zuwa wajen 300,000 ko 400,000. Daga cikinsu 400 zuwa 500 ne kacal za su nuna su fita, sauran duk lalacewa suke yi a hankali. Kowane ƙwai yana zaune ne cikin wani ɗan kwanso, wannan kwanson kuwa shi ne babbar masana'antar istirojin, sinadarin da jini ke ɗauka ya kai wa sassan jiki saƙo. Idan ƙwai suka kusa ƙarewa, masana'anta ta rufe, istirojin ya yi ƙasa, haila ta fara tsallake watanni. In aka cika wata 12 ba a gan ta ba, likitoci kan ce ta ɗauke ke nan.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin istirojin bai wuce haila da ɗaukar ciki ba. Ya wuce nan. Bangon farji na macen da ke haila yana da kauri, ƙwayoyin halitta ne jere bisa jere, yana da ninki-ninki da ke ba shi damar miƙewa, ga jijiyoyin jini birjik a ƙarƙashinsa. Yawancin damshin da mata ke kira ni'ima daga waɗannan jijiyoyi yake tsattsafowa ta cikin bangon, kamar yadda ruwa ke tsattsafowa ta jikin sabuwar randa. Istirojin ne ke kula da kaurin bangon da yawan jinin da ke zuwa masa. Har ila yau shi ke sa ƙwayoyin bangon su tara wani nau'in sitaci mai suna gilaikojin. Idan ƙwayoyin saman suka zube, sitacin yakan narke ya zama sukari, wasu bakteriya masu amfani su ci, su mayar da shi asid. Wani likitan mata Bajamushe, Albert Döderlein, shi ya fara bayyana waɗannan bakteriya a 1892, asid ɗin da suke yi kuwa shi ne dai wanda ke sa nono tsami. Kowace mai tallar nono ta san madara ba ta jure rana, amma nono mai tsami yana jurewa, domin tsami yana hana ƙwayoyin da ke ruɓar da abu sakewa. Haka abin yake a jikin mace. A ma'aunin tsami da ɗaliban kimiyya suka sani da pH, gaban mace mai haila yakan tsaya tsakanin 3.8 da 4.5. Bayan ɗaukewar haila yakan haura 5, ɗalibi kuwa ya san hawa mataki ɗaya a wannan ma'auni yana nufin tsami ya ragu ninki goma.

To, idan istirojin ya janye, bango yakan yi siriri, ninkinsa ya shafe, jini ya rage zuwa, damshi ya ƙafe, masu gadin nan su rasa abinci su ƙaura. Fata ta zama mai saurin tsagewa, Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a hanji sukan samu hanya. Bututun fitsarin mace bai wuce santimita 4 ba, shi da ƙasan mafitsara su ma da istirojin suka dogara, saboda haka matsalar takan shafe su. Mace ta fara jin ƙaiƙayi da raɗaɗi, fitsari ya riƙa matsa mata dare da rana, cutar mafitsara ta warke yau ta dawo wata mai zuwa, kwanciyar aure ta koma azaba, wani lokaci har da ɗigon jini. Ganin yadda abin ya haɗa gaba da mafitsara ne ya sa a 2014 ƙungiyoyi biyu na masana suka sauya wa lalurar suna, suka ba ta wanda ya ƙunshi sassan biyu. Akwai kuma wani hali nata da ya kamata a lura da shi. Zafin jikin nan da ke taso wa mata kwatsam da gumin dare sukan lafa bayan wasu shekaru. Ita bushewar gaba ba ta lafawa da kanta, ƙaruwa take yi. Mai shayarwa ma takan ɗanɗana irinta, domin shayarwa tana danne istirojin, sai dai tata ta ɗan lokaci ce.

Me ke faruwa a gidajen ƙasar Hausa idan dattijuwa ta shiga wannan hali? Da farko shiru. Idan abin ya ci tura, sai ta raɗa wa wata aminiya, ita kuma ta yanke hukunci nan take cewa sanyi ne. Kalmar sanyi ta zama buhun da ake zuba kowace irin lalurar mata a ciki. A aiki yaro kemis ya sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sha, a ji dama-dama ko ma kada a ji, a sake saye. Maganin ba zai mayar wa bango kaurinsa ba, hasali ma yana iya share ragowar masu gadin da suka saura, ya kuma koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai. Daga kemis sai wurin masu kayan mata. A nan ake samun babban kuskure, domin da yawa daga abubuwan da ake bayarwa na matsi ne, aikinsu tsuke fata da tsotse mata ruwa. Bagaruwar da ake dafawa a zauna a cikin ruwanta, ita ce dai majema ke jeme fata da ita, saboda sinadarin da ke cikinta yana ƙanƙantar da nama. Wanda ya ba mai bushewa abin tsotse ruwa ya ƙara wa wuta makamashi ne. Haka wanke ciki da sabulu mai ƙamshi, da tura turare ko kanwa ko wasu ƙulle-ƙullen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Ba a musun cewa cin abinci mai kyau da shan ruwa suna gyara jiki, amma babu tsumi ko gumbar da aka tabbatar tana mayar da aikin gidan ƙwan da ya riga ya rufe.

Asarar ba ta tsaya a kuɗin magani ba. Matar da ke jin zafi takan fara kauce wa mijinta ba tare da ta iya faɗin dalili ba. Shi kuma, da yake babu wanda ya taɓa gaya masa akwai irin wannan lalura, sai ya fassara abin da raini, ko ƙiyayya, ko sammu. Auren shekara talatin ya fara tangal-tangal a kan abin da ɗan bututun man magani zai iya gyarawa.

Maganin kansa ba shi da sarƙaƙiya. Ana yin sa a matsayin mai da ake turawa da ɗan maturi, ko 'yar ƙwaya da ake sawa a gaba, ko wani zobe mai taushi da ke zama a ciki yana sakin maikirogiram 7.5 kullum har kwana 90. A 2016 masana suka tattara gwaje-gwaje 30 da aka yi a kan mata fiye da 6,000, ba su ga wani bambancin a-zo-a-gani tsakanin amfanin nau'o'in uku ba. Ga lissafin da ya dace kowane malami ya sa a allo. Akwai ƙwaya mai maikirogiram 10, ana sa ta kullum na mako biyu, wato ƙwaya 14, sa'an nan sau biyu a mako na sauran makonni 50, wato ƙwaya 100. Jimla 114, a ninka da 10, an sami maikirogiram 1,140, ko miligiram 1.14 a shekara guda cur. Ƙwayar istirojin da ake haɗiya don zafin jiki kuwa takan ƙunshi miligiram 1 ko 2 a rana ɗaya. Ke nan abin da mai sawa a gaba ke amfani da shi daga wannan damina zuwa waccan bai fi abin da mai haɗiya ke sha a wuni ɗaya ko biyu ba. Ita ƙwayar haɗiya dole ta bi ta hanji da hanta, ta zaga jiki duka. Na sawa kuwa a wurin yake aikinsa, ɗan abin da ke ɓullawa cikin jini bai cika ɗaga istirojin sama da yadda yake a jikin kowace dattijuwa ba. Shi ya sa ba ya dawo da haila, ba ya sa a ɗauki ciki, ba ya kuma maganin zafin jiki ko raunin ƙashi. Ana fara jin sauƙi cikin 'yan makonni, cikakken amfani yakan ɗauki wata biyu zuwa uku, in kuma aka daina, bushewar takan dawo.

Hujja mafi ƙarfi a kan amfaninsa ta zo ne ta fuskar mafitsara. A 1993 likitoci biyu, Raul Raz da Walter Stamm, suka buga sakamakon gwajin da aka yi a kan mata 93 waɗanda haila ta ɗauke musu, cutar mafitsara kuma ta addabe su. Aka ba wasu man istirojin, aka ba wasu mai irinsa wanda babu magani a ciki. Masu man banza suka ci gaba da kamuwa, kimanin sau 5.9 a shekara. Masu man magani kuwa sau 0.5. Ma'aunin tsaminsu ya sauko daga 5.5 zuwa 3.8, masu gadi suka dawo a jikin fiye da rabinsu. A wurin tsohuwa cutar mafitsara ba wasa ba ce, tana iya haurawa ƙoda ta shiga jini.

To, daga ina tsoro ya fito? Yana da tarihi, kuma ba a banza ya taso ba. An fara tace istirojin a 1929, aikin Edward Doisy a Amurka da Adolf Butenandt a Jamus, kowa a nasa ɗakin bincike. A 1942 aka fara sayar da Premarin a Amurka, ƙwayar da ake haɗawa daga fitsarin goɗiya mai ciki. Aka yi ta ba mata ita kamar gyaɗa, har aka kai 1975, lokacin da bincike ya nuna cewa shan istirojin shi kaɗai yana ƙara haɗarin sankarar mahaifa. Sai aka koma haɗa shi da wani sinadarin da ke kare mahaifar. A watan Yuli na 2002 kuma aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka mai mata 16,608 da ke shan haɗin biyun, bayan an ga cewa a cikin kowace mata 10,000, a shekara, ana samun ƙarin takwas masu sankarar nono da ƙarin takwas masu shanyewar ɓarin jiki. Labari ya zaga duniya, miliyoyin mata suka watsar da magungunansu. A 2003 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta kakkausan gargaɗi a jikin duk maganin da ke ɗauke da istirojin, har da na sawa a gaba, alhali gwajin nan bai gwada shi ba ko kaɗan. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Matar da likita ya rubuta wa man, in 'yarta ta karanta mata takardar da ke cikin kwali ta ji an ambaci sankara da ciwon zuciya, sai ta tura kwalin ƙarƙashin gado.

Bayanan da suka biyo baya sun wanke maganin gwargwado. A 2018 aka buga nazarin mata fiye da 45,000 da aka bi lafiyarsu shekaru, ba a ga ƙarin sankarar nono ko ta mahaifa ko shanyewar ɓarin jiki ko daskarewar jini a wurin masu sawa a gaba ba. A 2022 Birtaniya ta amince a sayar da ƙwayar nan mai maikirogiram 10 ba tare da takardar likita ba, ga matan da suka kai shekara 50 suka kuma yi shekara ba haila, bayan mai harhaɗa magunguna ya yi musu tambayoyi. A watan Nuwamba na 2025 hukumar ta Amurka ta sanar da matakin janye wancan kakkausan gargaɗi.

Duk da haka, adalci ya wajabta a saurari masu ja. Akwai gwajin da aka buga a 2018 a kan mata 302, aka raba su uku: masu ƙwayar istirojin, masu man damshi na kanti, da masu man da babu komai a ciki. Bayan mako 12 duk sun ji sauƙi, kuma babu rukunin da ya yi wa sauran fintinkau. Ma'anar wannan ita ce, wadda bushewarta ba ta yi tsanani ba tana iya farawa da man damshi mai tsafta wanda ba shi da turare, ko man santsi na lokacin kwanciya, ta kuma wadatu da shi. Wannan gaskiya ce, kuma ta fi sauƙin kuɗi. Sai dai man damshi ba ya mayar da kaurin bango, ba kuma shi da irin shedar da istirojin ke da ita wajen hana dawowar cutar mafitsara. Ja na biyu ya fi nauyi. Yawancin sankarar nono istirojin ke ciyar da ita, akwai ma magungunan da ake ba masu ita don su ƙarar da sinadarin daga jiki ƙaƙaf. Macen da ta taɓa yin wannan ciwo ba ta da hurumin sa komai sai da shawarar likitan da ke duba ta. Gwaje-gwajen da aka yi kuma yawancinsu ba su wuce shekara ɗaya ba, shedar dogon zango daga bin diddigi ta fito, wadda ba ta kai gwaji ƙarfi ba. Saboda haka kuskure ne a mayar da shi wani sabon kayan mata da za a riƙa talla gida-gida a cikin jaka. Wurinsa asibiti ne, a duba mace a tabbatar ba wata cutar ce ta ɓoye a bayan bushewar ba, domin ciwon sukari da wasu cututtukan fata su ma suna kawo ƙaiƙayi a wurin.

Ja na uku shi ne wanda aka fi ji a zaure: ai tsufa ne, a bar halitta yadda take. Amma raunin ido ma tsufa ne, ba a ga dattijon da ya ƙi tabarau don haka ba.

Saura zancen kunya, wanda shi ne malamai za su fi kafa hujja da shi. Yarinyar da ke makarantar Islamiyya tana karanta hukunce-hukuncen haila da jinin biƙi a cikin Ahalari tun ba ta balaga ba, a gaban malami, cikin ladabi, ba wanda ya ce tarbiyyarta ta lalace. In an iya koyar da farkon haila ba tare da batsa ba, ana iya koyar da ƙarshenta. Darasin bai fi na minti arba'in ba, kuma yana haɗa abubuwan da ɗalibi ya riga ya sani a warwatse: aikin sinadaran saƙo, ma'aunin tsami, zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin mutum da bakteriya, da yadda ƙima da hanyar shigar magani ke sauya haɗarinsa. Ba ana nufin ɗa namiji ya je ya tare mahaifiyarsa da wannan magana ba, al'ada ba za ta ɗauka ba, ba kuma a bukatar haka. Amma 'yan matan ajin su ne za su zama ma'aikatan jinya da ungozomomi da likitoci, su ne kuma ke raka iyaye mata asibiti suna karanta musu takardar magani. Samarin ajin kuwa su ne masu kemis na gobe, kuma mazajen matan da za su kai hamsin wata rana. Ma'aikaciyar lafiyar da ta sami wannan darasi, in dattijuwa ta zo mata da ƙorafin fitsari karo na uku, za ta san ta rufe ƙofa ta yi ƙasa da murya ta tambayi abin da matar ba za ta taɓa fara faɗa da kanta ba.

Akwai jimla ɗaya da bai kamata malami ya fita aji bai rubuta ta a allo ba. Duk jinin da mace ta gani bayan ta cika shekara ba haila, komai ƙanƙantarsa, ko da ɗigo ne sau ɗaya, ba dawowar ƙuruciya ba ne, kuma ba a sa masa mai ko a jiƙa masa saiwa. Sau da yawa sirancewar bangon nan ce ke jawo shi, amma yana iya zama alamar farko ta sankarar mahaifa ko ta bakin mahaifa, waɗanda ake iya warkarwa in an gano su da wuri. Mai irin wannan jini sashen kula da lafiyar mata za a kai ta a cikin makon, a duba ta tukuna kafin a yi zancen istirojin.